Hayyacin Ɗan Adam da Kimiyyar Kwantam: Me Aka Tabbatar, Me Ake Hasashe?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan ilimin kimiyya. Ina miƙa gaisuwa ga iyayenmu da malamanmu na Tsohon Birnin Gwari, da mutanen Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da Gayam, da duk wanda muryar nan ta riska, ko a gona ko a shago ko a kan hanya. Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban sakandare da malamansu na kimiyya, domin shirin yau naku ne kafin na kowa.

Tambayarmu ta yau mai nauyi ce. Kowa ya san mutum yakan fita hayyacinsa, ya kuma dawo. Yaro yakan sume idan zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai. Ɗan acaɓa yakan faɗi, kansa ya bugu, a kwashe shi bai san inda yake ba. Mai naƙuda akan shiga da ita ɗakin tiyata, a yi mata allurar barci, a ciro jariri, a ɗinke, ta farka tana tambaya ko an fara aikin. Duk tsawon lokacin nan zuciya tana bugawa, jini yana gudana, amma mai gani da ji da jin zafi ba ya nan. Mene ne wannan da yake tafiya ya dawo? Yaya tsokar da ke cikin ƙoƙon kai take samar da shi?

Akwai masanan da suka ce amsar tana cikin wani reshe na ilimin fiziks da ake kira kwantam. Za mu ji hujjarsu, mu ji ta waɗanda suka ƙi yarda, sa'an nan mu ware abu uku da bai kamata a cakuɗa su ba: abin da aka tabbatar, abin da ake hasashe, da abin da ake damfarar mutane da shi.

Mu fara da ƙwaƙwalwar kanta. Ta baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta, suna aika wa juna saƙo ta hanyar wutar lantarki mai rauni da kuma sinadarai. Likitoci sun san ɓangaren da ke kula da gani a ƙeya, da wanda ke sarrafa magana, da wanda idan ya sami rauni hannu ko ƙafa za su shanye. Wannan duk tabbatacce ne, kuma da shi ake yi wa mutane magani.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce ka ɗanɗana zumar da aka ɗebo daga amya a dajin nan namu. Masani zai iya bin saƙon daga harshenka har ƙwaƙwalwa, ya nuna maka ƙwayoyin da suka motsa. Amma zaƙin da kai ka ji fa? Me ya sa motsin ƙwayoyi yake zuwa tare da mai jin daɗi, maimakon aikin ya gudana kawai ba tare da kowa ya ji komai ba? Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, David Chalmers, ya kira wannan babbar matsala mai wuya a wani taro da aka yi a birnin Tucson na Amurka a 1994. A 1998 wani masanin ƙwaƙwalwa, Christof Koch, ya ci alwashin cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. Da wa'adin ya cika a 2023, ya fito gaban jama'a ya amince cewa ba a kai ga haka ba.

Kada kuma a ɗauka Turawa ne suka fara wannan tunani. Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa wanda ya rasu a Hamadan a 1037, ya kawo wani gwaji na tunani. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, yana rataye a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. A ganin Ibn Sina, wannan mutum ko bai san yana da hannu ko ƙafa ba, zai san cewa shi akwai shi. Kusan shekara dubu ke nan, tambayar tana nan da ranta.

To mene ne kwantam? Ilimi ne na yadda abubuwa mafiya ƙanƙanta suke gudana, wato ƙwayar zarra da abin da ke cikinta, irin su elektiron, da kuma ƙwayoyin haske. Wani Bajamushe, Max Planck, shi ya buɗe ƙofar a 1900, da ya gano cewa ƙarfin zafi da haske ba ya fita a zube, sai dai gutsure-gutsure, kowane da ma'auninsa. Albert Einstein ya ɗora a 1905, sai Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 suka shimfiɗa lissafin. Cikar shekara ɗari da wannan aiki ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam.

Wannan ilimi yana hannunku yanzu haka. Farantin solar da ke kan rufin shago, fitilar tocila mai farin haske, wayar salula, har rediyon da kuke saurarena da shi, duk da lissafin kwantam aka ƙera sassansu. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ita a manyan asibitocin Kaduna da Zariya da Kano, ita ma da shi take aiki. Saboda haka babu jayayya kan ingancin kwantam.

Abin mamakinsa shi ne wannan. A duniyar da muke gani, abu yana nan ne ko yana can. A duniyar ƙwayar zarra kuwa, ƙwaya ɗaya takan kasance cikin hali biyu a haɗe, muddin ba a auna ta ba. A 1989 masana a kamfanin Hitachi na Japan, ƙarƙashin Akira Tonomura, sun riƙa harba elektiron ɗaya bayan ɗaya ta wurin da ke da hanya biyu. Da ɗigo-ɗigon suka taru a allo, sai suka ba da zanen da ba zai yiwu ba sai idan kowane elektiron ya bi hanyoyin biyu a tare. Amma da zarar an sa abin da zai gano hanyar da ya bi, sai zanen ya ɓace, elektiron ya tsaya a hanya ɗaya. Yadda hali biyu suke komawa ɗaya, nan ne masanan fiziks suke muhawara tun zamanin Einstein, kuma nan ne maganar hayyaci ta shigo.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan ko kimiyyar kwantam za ta iya bayyana hayyacin ɗan Adam.

Mutum biyu ne suka fi shahara da wannan ra'ayi. Na farko Roger Penrose, masanin lissafi na Jami'ar Oxford a Ingila, wanda ya sami kyautar Nobel a 2020. Ku lura da kyau, an ba shi kyautar ne saboda aikinsa kan baƙaƙen ramukan sararin samaniya, ba saboda maganar ƙwaƙwalwa ba. A wani littafi da ya fitar a 1989, Penrose ya ce fahimtar ɗan Adam ta wuce bin ƙa'ida mataki-mataki irin na kwamfuta. Ya kafa hujja da wani sakamako da masanin lissafi Kurt Gödel ya tabbatar a 1931, cewa duk wani tsararren tsarin lissafi mai ƙarfi yana da maganganun da ba zai iya tabbatarwa da ƙa'idojinsa ba. Penrose ya ce tunda mutum yana iya hango gaskiyar irin waɗannan maganganu, to akwai wani aiki a ƙwaƙwalwa da kwamfuta ba za ta iya kwaikwaya ba. Ya yi hasashen cewa aikin shi ne lokacin da hali biyu na kwantam suke rushewa su koma ɗaya da kansu, saboda tasirin ƙarfin nan da ke jawo abu ƙasa. Sai dai bai san a wane lungu na ƙwaƙwalwa hakan zai faru ba.

Na biyu shi ne Stuart Hameroff, likitan sa barci a Jami'ar Arizona ta Amurka. Aikin da ya daɗe yana yi shi ne ɗauke hayyacin mutane a ɗakin tiyata da dawo da shi. Ya daɗe yana nazarin wasu siraran bututu da ke cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda suke riƙe siffar ƙwaya, suke kuma zama hanyar jigilar kaya a cikinta. Sirantarsu ta kai a jera kusan 3,000 kafin su cike kaurin gashin kai ɗaya. Da Hameroff ya karanta littafin Penrose sai ya neme shi, ya ce ga wurin da kake nema. A tsakiyar shekarun 1990 suka fitar da ra'ayinsu tare: cewa a cikin waɗannan bututu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ake samun halin kwantam, kuma duk lokacin da ya rushe, ƙyiftawar hayyaci ɗaya ke nan. Jerin waɗannan ƙyiftawa shi ne abin da muke ji a matsayin tunani da gani da ji.

Yanzu ga masu suka, kuma su ne mafiya yawa. Hujjarsu ta farko zafi da hayaniya. Halin kwantam abu ne mai tsananin rauni, kamar ashanar da aka ƙyasta a fili ranar da iskar hunturu take kaɗawa: kafin ka kai ta ga itace ta mutu. Shi ya sa yawancin kwamfutocin kwantam da ake ginawa yau sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, an kuma killace su daga kowace irin girgiza. Ƙwaƙwalwa kuwa ɗuminta digiri 37 ne, jiƙe take, ƙwayoyin ruwa da gishiri suna ta karo da juna ba tsayawa. A shekarar 2000 masanin fiziks Max Tegmark ya yi lissafi, ya samu cewa halin kwantam a cikin bututun nan ba zai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na sakan ba. Saƙon jijiya kuwa yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tazarar ta kai ninki biliyan goma. Hameroff da abokan aikinsa sun mayar da martani a 2002, suka ce Tegmark bai yi lissafi da ainihin tsarinsu ba, amma yawancin masana ba su gamsu ba.

Hujja ta biyu, bututun nan suna cikin ƙwayoyin hanta da na fata, har da na ganyen masarar da ke gonakinmu. Samuwarsu kaɗai ba ta isa ta bayyana dalilin da ya sa hayyaci yake tare da ƙwaƙwalwa ba. Ta uku, masanan lissafi da falsafa da dama sun ce sakamakon Gödel bai kai inda Penrose ya ja shi ba. Ta huɗu gwaji ne. A wani ɗakin bincike da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, inda dutse mai kaurin mita 1,400 yake tare hasken da ke zubowa daga sararin samaniya, an nemi wani ɗan haske da ya kamata ya fito idan mafi sauƙin sigar hasashen Penrose na rushewar halin kwantam gaskiya ce. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna babu shi. Wannan ya rushe waccan siga, ko da yake bai rufe dukkan ƙofofi ba.

Adalci ya sa mu faɗi abin da yake ƙarfafa gwiwar ɗaya ɓangaren. Duk manomi ya san shamuwa takan iso da ƙaratowar damina, ta kuma koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Da rani kuma ƙananan tsuntsaye sukan ƙetaro hamada daga Turai su sauka a dazuzzukan Arewa, irin su gandun dajin Kamuku. Yadda tsuntsu yake gane hanya ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 2021 masu bincike daga Oxford da Oldenburg ta Jamus sun ɗauki wani sinadari na idon wani ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji, suka nuna a ɗakin gwaji cewa yana jin maganaɗisu ta hanyar wani aiki na kwantam. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa jiki mai ɗumi yana iya cin moriyar kwantam, ko da na ɗan ƙanƙanin lokaci ne. Haka kuma a 2024, a Kwalejin Wellesley ta Amurka, an ba ɓeraye maganin da yake ƙarfafa bututun nan, sai aka ga sun ƙara fiye da minti ɗaya kafin iskar sa barci ta ɗauke su.

Amma mu auna da kyau. Gwajin ɓerayen ya nuna bututun suna da hannu a yadda maganin barci yake aiki, bai nuna kwantam ne dalili ba. Gwajin tsuntsu kuma ya shafi gane hanya ne, bai taɓa batun hayyaci ba. Yawancin masanan ƙwaƙwalwa suna bin wasu bayanai dabam, kamar na Stanislas Dehaene na Faransa, wanda yake ganin hayyaci yana samuwa ne idan saƙo ya bazu ya game manyan sassan ƙwaƙwalwa a lokaci guda, ko na Giulio Tononi, wanda ya danganta shi da yadda bayanai suke dunƙulewa su zama abu ɗaya. A taƙaice, kwantam tabbas ne. Cewa shi ne tushen hayyaci kuwa, hasashe ne na manyan masana, wanda har yau gwaji bai tabbatar ba. Girman mai magana ba ya mayar da hasashe hujja.

(Gajeren kiɗa)

Iyayena da 'yan'uwana, wani zai ce ina ruwan mai noma da kiwo da wannan muhawara? Akwai darasi huɗu a cikinta.

Na farko, batun ruhi. Suratul Isra'i, aya ta 85, ta sanar da mu cewa ruhi al'amari ne na Ubangiji, kuma ilimin da aka ba ɗan Adam kaɗan ne. Masanin kimiyya yana binciken abin da ake iya aunawa ne: jijiya, sinadari, lantarki. Ko da gobe an tabbatar da ra'ayin Penrose, an gano yadda wani aiki yake gudana a jiki ne, ba a auna ruhi ba. Saboda haka idan kun ga wani a Facebook ko TikTok yana cewa kwantam ya tabbatar da ruhi, ko ya ƙaryata shi, ku sani ya faɗi abin da masanan ba su nuna ba. Imani ba ya bukatar a jingina shi da hasashen da gwajin gobe zai iya rushewa.

Na biyu, damfara. An sake buɗe karar dabbobi ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, kasuwanni suka fara farfaɗowa, muna godiya ga Allah. Amma inda jama'a suka taru, masu neman na banza ma sukan zo. A garuruwan Arewa da yawa akwai masu yawo da kwamfuta da wata 'yar na'ura mai ɗauke da sunan kwantam. Sai a ce ka riƙe wani ƙarfe minti ɗaya, a karanto maka ciwon hanta da na ƙoda da na zuciya, daga nan a miƙo maka magani mai tsada. Babu hujjar kimiyya da ta nuna wannan na'ura tana gano cuta. Akwai kuma sarƙoƙin wuya da ake cewa suna da ƙarfin kwantam. A Disambar 2021 hukumar kula da lafiyar nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a cewa wasu daga cikinsu suna fitar da tururin da zai iya cutar da mai sawa. Kada ku yi cinikin biri a sama. Gwajin jini da na fitsari da awon hawan jini a asibiti su ne abin dogaro, kuma duk maganin da za ku saya ku duba lambar NAFDAC.

Na uku, wanda ya fita hayyacinsa. Suma alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa tana cikin haɗari, ko daga zazzaɓi, ko sanƙarau, ko bugun kai, ko faɗuwar sukari, ko jijjigar mai ciki. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko abinci domin zai iya shaƙewa, kada a cusa masa cokali a baki, a gaggauta kai shi asibiti ana yi masa addu'a a hanya. Sa'an nan ku ji wannan. A 2024 aka fitar da wani bincike kan majinyata 241 da suka sami mummunan raunin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba sa amsa umarni ko da motsin yatsa. Da aka duba su da na'urori, sai aka ga ƙwaƙwalwar 60 daga cikinsu tana bin umarnin da ake ba su. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Don haka a gaban mara lafiyar da ba ya motsi, a kira sunansa, a yi masa magana mai daɗi, kada a yi zancen gado ko na yanke ƙauna a kansa. Mai yiwuwa yana ji.

Na huɗu naku ne, 'ya'yana ɗalibai. Shekarun rashin tsaro sun rufe makarantu da yawa a wannan yanki, sun kuma ci wa wasunku shekarun karatu. Duk da haka hanya tana nan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai cibiyar binciken makamashi, inda tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Najeriya take aiki tun 2004, kuma 'ya'yan ƙasar nan ne suke tafiyar da ita. Mafarin wannan hanya shi ne lissafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ku riƙe lissafi da fiziks da ilimin halittu. Ku saba da tambaya uku duk lokacin da aka kawo muku magana da sunan kimiyya: wa ya gwada? Yaya aka gwada? Wasu sun maimaita sun sami abu ɗaya? Iyaye kuma, a mayar da yara aji, mata da maza. Malamai, idan yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfin littafi, kada a kashe masa gwiwa, domin matambayi ba ya ɓata. Tambayar yau ta gagari masu kyautar Nobel, kuma babu dokar da ta ce wanda zai warware ta ba zai fito daga Birnin Gwari ba.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu yi magana kan farfaɗiya, dalilanta da maganinta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya ƙara mana ilimi mai amfani.  

(Kiɗan rufe shiri)